Ranar da Aka Kama Yayanki

Zuwa ga 'yata Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ke da mijinki Habibu, da fatan kun sauka Fatakwal lafiya. Allah Ya sanya albarka a ɗakin da kika shiga, Ya haɗa kanku, Ya tsare ku a gida da kan hanya.

Ranar da za a kai ki, gwaggwanninki sun zaunar da ke sun yi miki faɗan aure, na haƙuri da girki da riƙe sirrin miji. Ni ina gefe ban ce komai ba, har Gwaggo Asabe ta zungure ni ta ce, "Ke uwar amarya, ba ki da ta cewa ne?" Ina da ita, amma ba maganar cikin taron biki ba ce. Shi ya sa na rubuta na sa miki a ƙasan akwati.

Mijinki direban babbar mota ne. Rayuwarsa a kan titi take, daga wannan shingen 'yan sanda zuwa wancan, yana ɗauke da kayan mutane da ba kullum ya san abin da ke cikinsu ba. Na yarda da halinsa, shi ya sa na ba shi ke. Amma yayanki Auwalu ma yaron kirki ne, duk Agege an shaida, kuma kirkinsa bai hana a kama shi ba. Kina 'yar firamare lokacin. Abin da muka gaya miki shi ne ya yi tafiya. Daga baya kin tsinci sauran a bakin 'yan unguwa, rabi gaskiya rabi ƙari. Yanzu ki ji daga bakina, ki ji inda na yi kuskure, don in Allah Ya jarrabce ki da irinta kada ki bi sawuna.

Yayanki yana aikin lodi ne a wani sito a Ilupeju, inda ake tara kayan lantarki, su fanka da dutsen guga da rediyo. Ɓarayi suka shiga siton, suka ɗaure maigadi, suka sare shi a ka, suka kwashe kaya. A daren da abin ya faru yayanki yana asibiti, a gefen gadon babanku, lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye. Daga asibitin ya hau danfo, motar haya, ya wuce aiki da safe, ko wanka bai yi ba. Yana isa ya tarar da 'yan sanda, suka kwashe duk ma'aikatan da suka gani. Mutum ɗaya ne bai zo aiki ba, wani abokinsa Tanimu, wanda yakan zo gidanmu cin tuwo. Tun daga ranar ba a sake ganinsa ba.

Ina bakin tandar masa labari ya same ni. Abin da ya fara zo mini ba ɗana ba ne, Zulai, kunya ce. Me mutane za su ce? Maƙwabciyarmu Maman Ladi, 'yar kudancin Kaduna ɗin nan da takan yi miki kitso, ita ta biyo ni ɗaki ta ce, "Maman Zulai, ki nemi lauya yau ɗin nan, kada ki bari rana ta faɗi." Na ce mata, "Lauya kuma? Ai mai laifi ne ke neman lauya. Ɗana bai yi komai ba."

Sai ga Baffanki Sule ya shigo yana gyara hula. Ya ce, "Lantana, kada ki saurari kowa. Na san wani oga a caji ofis ɗin. Kina kai lauya za su ji haushi su ƙara ɗaure maganar. Ki bar mini, a tsakaninmu za mu kashe ta." Na bar masa. Ba mugunta ya yi ba, Allah Ya sani, shi ma ya yi tsammanin ya san mutane. Yau ya ce ogan ya tafi taro, gobe ya ce ogan ya ce a dawo jibi. Kwanakin da muka ɓata muna jiran ogan nan su ne kwanakin da aka yi ta dukan yayanki a cikin sel, babu wanda ya tsaya masa.

Ki riƙe wannan. Ranar da aka kama naki, ranar ake neman lauya, ko yana da laifi ko ba shi da shi. Marar laifi ma ya fi buƙata, domin shi bai san hanyar wurin ba, kuma yana ganin gaskiyarsa za ta ishe shi. Duk wanda ya ce miki ya san wani, ki yi masa godiya, ki wuce ki nemi lauya. Kunyar unguwa kuwa, ki ajiye ta. Waɗanda na ji kunyarsu sun yi surutunsu sun gaji sun koma harkokinsu, ni aka bari da abin.

Kuskurena na biyu shi ne wanda har yau ya fi damuna. Da aka bar ni na gan shi, an fito da shi bayan kantar 'yan sanda, ido ɗaya a kumbure, yana dafa bango. Ɗan sandan da ke binciken ya ajiye takarda da biro a gabansa, ya juyo ya yi mini magana da Yarbanci, a tausashe kamar ɗan uwa. Ya ce, "Mama, ɗanki taurin kai gare shi. Ya sa hannu a nan kawai, mu rufe fayil, ku tafi gida."

Yayanki ya ce, "Inna, abin da suka rubuta ba shi na faɗa ba. Na ce musu ina asibiti wurin Baba, ba su sa ba."

Na dubi takardar. Turanci ne a cukurkuɗe, ni kuwa Turancina na ciniki ne. Na dubi idonsa. Na ce, "Sa hannu mu tafi. Babanka sai tambayarka yake yi."

Ya ce, "Inna..."

Na ce, "Na ce ka sa."

Ya ɗauki biron ya sa. Aka mai da shi ciki, aka ce in dawo da safe. Da na dawo aka ce an kai shi kotu. Takardar nan cewa ta yi shi ya nuna wa ɓarayin ƙofar baya.

Zulai, ki gaya wa Habibu, ki kuma gaya wa 'ya'yanki in Allah Ya ba ki: ba a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba, ba a kuma dangwala yatsa. Wanda aka kama yana da ikon ya faɗi sunansa, ya faɗi inda yake lokacin da abin ya faru, sannan ya ce ba zai ƙara magana ba sai lauyansa ya zo. Doka ta ba shi wannan, ba alfarma ba ce. Ni ban sani ba sai da aka riga aka gama. Kuma in kin je ganin naki kin same shi a wahale, zuciyarki za ta ce miki ki yi duk abin da zai fito da shi yanzu yanzu. A wannan lokacin kada ki yarda da zuciyarki. Masu takardar sun san halin uwa, shi ya sa suka bari na shiga.

Bayan an kai shi gidan yari ne na yarda na bi Maman Ladi wurin wata lauya 'yar garinsu, Barista Rahila, a wani ƙaramin ofis saman shagon magani. Da Hausa ta yi mini magana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Mama, ba zan ɓoye miki ba. Fashi da makami aka rubuta masa. Kotun majistare ba ta da ikon ba da belinsa. Sai fayil ya je wurin lauyoyin gwamnati sun duba, sannan a kai babbar kotu. Zai ɗauki lokaci, kuma hannun da ya sa zai wahalar da mu."

Na ce, "To yaushe zai fito?"

Ta ce, "Ban sani ba. In na sa miki rana, ƙarya na yi miki. Amma daga nan ki wuce asibitin, ki nemo duk wanda ya gan shi a daren, ki karɓi lambar wayarsa."

Na fito raina a ɓace. Na ce wa Maman Ladi wannan yarinyar ba ta san aiki ba, ko kuwa don ta ga mu ba nata ba ne. Allah Ya yafe mini wannan maganar. Asibitin ma ban nemi kowa ba.

A bakin kotu na haɗu da wanda zuciyata take so. Wani mutum ne da baƙar kwat da jaka, yana tare mutane a gindin bishiya. Kafin in gama bayani ya ce, "Wannan ƙaramin abu ne, Hajiya. Alƙalin abokina ne. Kafin Sallah ɗanki yana gida." Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na sayar da keken ɗinkin babanku, shi yana kwance bai ma sani ba, na kai wa mutumin kuɗin. Sau ɗaya ya tsaya a kotu, ya miƙe ya ce kalma biyu, aka ɗage zama. Daga nan sai a ƙaro kuɗin mota, a ƙaro na magatakarda. Sallah ta zo ta wuce. Wata rana na kira wayarsa na ji a kashe. Na je gindin bishiyar, masu sayar da ruwa suka ce sun kwana biyu ba su gan shi ba. A nan na tsaya na gane ban san ofishinsa ba, ko cikakken sunansa ban sani ba.

In za ki ɗauki lauya, ki je ofishinsa da ƙafarki ki ga inda yake zama. Ki tambaye shi ko shari'ar laifi yake yi, domin wani na filaye ne, wani na kamfanoni, ba duka suke ɗaya ba. Ku yi maganar abin da zai karɓa a fili tun farko, ya ba ki rasit. In ya ce alƙali abokinsa ne, ki ɗauki mayafinki. In ya gaya miki abin da ba ki son ji, ki zauna ki ƙara saurare. In kuma hannunki babu komai, kada ki zauna a ɗaki kina kuka: akwai ofisoshin da ake ba talaka lauya kyauta, na gwamnati da na ƙungiyoyi. Ki tambaya a masallaci, ki tambayi maƙwabta, ko ba addininku ɗaya ba.

Cikin wannan halin babanku ya rasu. Har ya cika yana duban ƙofa. Da na je ziyara, na miƙa kular abinci ga gandiroba, aka fito da yayanki bayan shingen waya. Ya ce, "Inna, yaya jikin Baba?" Ya dubi fuskata, ya dubi mayafin takaba. Ya ce, "Wa ya yi masa wanka?" Na ce Baffanka da liman. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ya san ban yi ba?" Na ce ya sani. Bai yi kuka a gabana ba. Ya juya ya koma tun lokacin ziyara bai ƙare ba.

Shekaru suka tafi, ba a yanke masa hukunci ba, ba a kuma sake shi ba. Jiran shari'a ake ce wa wannan zaman. Kin gama firamare kin shiga sakandare yana can. Da na rasa ta yi, na hau matakalar ofishin Barista Rahila ina jan ƙafa, ina jiran ta ce ai na gaya miki. Ba ta ce ba. Ta ba ni kujera da ruwa, ta ce, "Mama, bari mu ga abin da ya rage." Ta yi ta yawo ofis ofis har ta gano fayil ɗinsa a inda aka jibge shi aka manta. Ta matsa aka kai maganar babbar kotu. Ta aike ni asibiti neman shaida. Ma'aikatan da suka san mu an sauya musu wurin aiki. Wani Basakkwace da ya yi jinyar ƙanensa a gadon da ke kusa da na babanku, wanda suka kwana suna hira da yayanki a daren, ya koma gida tuntuni, ba wanda ya san ƙauyensu. Da na nema tun ranar da ta ce, da na same shi zaune a bakin gadon.

Kafin ta nemi beli ta tambaye ni, "Mama, akwai wani abu tsakanin ɗanki da Tanimu da ya kamata in sani? Ko ƙanƙane ne, ko mai kunya ne. Abin da kika gaya mini a ɗakin nan yake tsayawa."

Akwai. Wata guda ko fiye kafin fashin, Tanimu ya kawo mini sabuwar fanka a kwalinta, ya ce kyauta ce saboda tuwon da yake ci. Na karɓa na sa masa albarka. Da aka yi kamen, na gane daga siton ta fito, na naɗe ta a zane na kai gidan Gwaggo Asabe. Na dubi Barista na ce, "Babu komai."

Ranar zaman, lauyan gwamnati ya kira wani ɗan gidan hayarmu, ya tsaya ya ce ya ga Tanimu ya shigo da fanka ɗakinmu, ya kuma ga ranar da na fita da ita a ɓoye. Barista Rahila ta waiwayo ta dube ni. Yayanki ma ya dube ni daga cikin akwatin da ake tsayar da su. Alƙali ya hana beli.

A waje ta ce, "Mama, da kin gaya mini, da ni zan fara faɗa wa alƙali da bakina, in ce kyauta aka ba tsohuwa ba ta san asalinta ba. Yanzu an ga kamar kuna ɓoye kayan sata ne." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Akwai saura?" Na ce babu, wannan karon da gaske. Ta ce, "To mu ci gaba."

Kada ki ɓoye wa lauyanki komai, Zulai. Abin da kike jin kunyar faɗa, shi abokan shari'a suka riga suka sani. Kuma ki je kowane zama, ko an ce ɗagewa kawai za a yi. Ki zauna inda naki zai gan ki.

Fankar nan ta ƙara masa damina guda a ciki. A ƙarshe Barista ta nuna wa kotu cewa da duka aka karɓi sa hannun, ta sa ya cire riga aka ga tabon bayansa. Maigadin da aka sara ya zo da kansa ya ce ya ga fuskokin ɓarayin, kuma babu wannan yaron a cikinsu. Alƙali ya sallame shi. Babu wanda ya ce masa yi haƙuri.

Kin tuna yadda ya dawo. Ƙashi da fata, ga tarin da ba ya tsayawa. Muka kai shi asibiti suka ce tarin fuka ne, ya riga ya ci huhu. Ba ya son a rufe ƙofa, ba ya son hayaniya. Wata rana da hantsi ina ba shi kunu na ce, "Ka yafe mini hannun da na sa ka sa." Ya ce, "Inna, sun yi ta dukana ban sa ba. Da kika ce, na ga ban taɓa ƙin maganarki ba." Ya ga yadda fuskata ta yi, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Na yafe tun a can. Ke ma ba ki sani ba ne."

Abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce akwai wani Iliya, mutumin Maraɗi, mai sayar da shayi ne aka kwaso shi a wani samame. Ya riga shi shiga, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba, danginsa ba su ma san yana raye ba. Ya ce, "Ki kai wa Barista sunansa." Na kai. Ta rubuta, ta ce ba ta yi alkawari ba, amma za ta duba.

Yayanki bai kai azumi ba ya rasu. Bayan an yi arba'in da ɗan wani lokaci, ina soya masa a ƙofar gida, sai ga wani dogon mutum ramamme ya tsaya da leda a hannu. Ya yi sallama da Hausar Nijar ya ce, "Nan ne gidan su Auwalu? Ni ne Iliya. Jiya aka sako ni. Na ce kafin in nemi motar gida sai na zo na gan shi."

Na sauke tanda. Na ce masa ya zauna. Da na gaya masa, ya durƙusa a nan bakin kwata ya rufe fuska da ledar yana kuka kamar yaro. Da ya natsu ya ce, "Inna, duk abincin da kike kai masa, biyu yake rabawa. Ni ba mai zuwa wurina." Na zuba masa masa da miya. Ya ci yana hawaye, ni ma ina yi. Baffanki Sule ya raka shi maƙabarta, daga can ya kai shi tasha.

Wannan shi ne abin da nake da shi, 'yata. Ban iya tsara magana kamar gwaggwanninki ba. Ki karanta wa Habibu, kada ki ji nauyi.

Allah Ya raba ku da sharrin da ba ku ji ba ba ku gani ba. Allah Ya kai Habibu duk inda ya nufa Ya dawo miki da shi lafiya. Allah Ya jiƙan babanku, Ya jiƙan yayanki, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Waɗanda ke tsare ba mai zuwa wurinsu, Allah Ya aiko musu da mai tsaya musu. In kin yi sallah ki riƙa sa su a addu'a, ki sa ni ni ma.

Maman Ladi tana gaishe ki. Ki gaida mijinki da kyau.

Wassalam.

Innarki,
Lantana,
Agege.